Siminti a Bayana, Shanu a Gonata

Tun ina saurayi nake ɗaukar buhun masara, daga gona zuwa amalanke, daga amalanke zuwa mota, ban taɓa ko targaɗe ba. Ranar da bayana ya tashi karyewa kuwa, sunkuyawa na yi in kwance igiyar akuya. Akuyar ma ba tawa ba ce, ta mai ɗakina ce. Na ji wani abu ya ce ƙas a tsakiyar gadon bayana kamar an taka busasshen kara, sai ga ni a ƙasa, akuya na kallona tana tuƙa. Kaka ce, an cire masara, dawa na jiran yanka.

Ciwon irin mai wayo ne. In ina kwance sai ya yi lamo kamar ya yi tafiya. Da na yunƙura zan zauna sai in ji kamar an soka min tsinken tsire mai zafi. Atishawa sai na yi salati kafin ta fito. Salla a kwance, bayan gida sai an riƙe ni, ni da nake da 'ya'ya a ɗakin miji. An kira mai ɗori, ya shafa man shanu, ya latsa, na yi ihun da ban yi ba ranar kaciya. Ya ce shi ƙafa da hannu ya gada, ba a ɗaure baya da kara. Ya karɓi kazarsa ya tafi. Har yau ina ganin girmansa, don shi kaɗai ne a garin ya ce bai sani ba.

A ƙauyenmu, can tsakanin Funtua da Malumfashi, mara lafiya ba na gidansu ba ne, na gari ne. Dubiya tun safe har magariba, kowa da maganin da ya warkar da kawunsa. Wanda bai taɓa fashin zuwa ba shi ne wana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke ce wa Yaya Alhaji. Sayen hatsi yake yi yana ɓoyewa sai ya yi tsada, kuma rabonsa da riƙe fartanya tun mahaifinmu na raye. Gonarsa da tawa iyaka ɗaya, gado ne aka raba. Zai zo ya zauna daidai kaina, ya harɗe, duk wanda ya shigo ya ce min ya jiki, shi ne mai amsawa.

"Ai sai addu'a. Baya fa ba hannu ba ne. In ya tafi, ya tafi."

Ya fi ni iya ba da labarin ciwona. Har da ɗan girgiza kai a wurin da ya dace.

Ga abin da ya kamata a sani game da mu. In mutum ya kwanta ciwo mai tsawo, ɗan'uwansa kan riƙe masa gona kada ta zama saura. Wannan zumunci ne, ba mai musu. Amma zumuncin yana da wutsiya: wanda ya riƙe gonar, in ya sa mata takin shanu, ba a karɓe ta daga hannunsa sai ya ci damina uku, don takin shanu ba ya ƙarewa a shekara guda. Gonata kuwa ita ce tuwon gidana. Rabinta na gangare wajen rafi, ƙasa baƙa mai ba da masara, rabinta na tudu, tsakuwa da marmara. Ina kwance ina kallon azara, ina kuma kallon yadda Yaya Alhaji ke tausayina fiye da kima, sai na fara gane inda tausayin ya dosa.

Ƙanwarmu ce ta fitar da ni. Tana aure a Funtua, tana sayar da atamfa, bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ta zo ta tarar an shafa min wani abu mai warin mushe, ta ce, "Yaya, jira kake su binne ka da ranka?" Ta ɗauko mota aka shimfiɗa katifa a baya. Duk ramin da ke hanyar nan na gaisa da shi da sunan ubansa.

A babban asibitin birni aka cusa ni cikin wata na'ura mai kama da kabari, mai ƙara kamar injin niƙa. Likitan wani siriri ne mai tabarau. Ya nuna min hoto ya ce ƙasusuwan baya a jere suke kamar bulo, ɗaya a kan ɗaya, nawa guda ya lotse kamar gwangwanin madara da aka taka. Ya ce da sauƙi tunda bai taɓa laka ba, kuma karayar ba ta tsufa ba.

"Malam, shekarunka ba su kai na wannan ƙashin ba. Kana shan maganin gajiya?"

"Likita, wa ke noma ba ya sha?"

Haɗin kemis yake nufi, ƙwayoyin nan da ake ƙulla wa mutum a leda, ja da fari da rawaya, ka watsa da yamma ka tashi da safe kamar sabon ingarma. Ya ce a cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar fara, ita ce ke cin ƙashi a hankali yadda gara ke cin azara, waje lafiya, ciki gari. Mai kemis ɗinmu kuwa har yau yana nan, ana ce masa dakta, ya ƙara shago.

Sai ya faɗi aikin da za a yi. Ba za a yanka ni ba. Za a soka wani siririn bututu ta baya har cikin ƙashin da ya lotse, a zura balan-balan ta ciki, a kumbura shi ya ɗaga ƙashin, sannan a sace shi a zare, a cika ramin da ya bari da siminti irin na asibiti.

Na dube shi da kyau ko zan ga alamar wasa. "Balan-balan, Likita? Irin wanda yara ke saye ranar Salla?"

"Ƙaninsa ne," in ji shi, "amma wannan ya yi makaranta."

Kuɗin aikin ya cinye shanun huɗata guda biyu, ƙanwata da mijinta suka cika abin da ya saura. Na amince. Wanda ba ya iya zuwa bayan gida da ƙafarsa ba ya gardama a kan shanu.

Rub da ciki aka kwantar da ni, aka kashe wurin da allura, aka ba ni wani abu da ya sa duniya ta yi nisa amma ban yi barci ba. Ina jin ana ƙwanƙwasa bayana a hankali kamar kafinta mai ladabi, su kuma suna kallon talabijin ɗinsu mai nuna ƙashi, suna hirar tsadar man fetur. Kafin in gama tsara wasiyyar da zan bari, aka ce an gama. Da la'asar wata ma'aikaciya ta ce in tashi. Na ce 'yata, ki ji tsoron Allah. Ta ce in tashi dai. Na dafa gado, na jira tsinken nan ya soke ni, shiru. Na miƙe. Na taka har bakin taga na dawo. Akwai tsami, amma tsami irin na wanda ya wuni yana huɗa, wanda na sani tun ina yaro. Ƙanwata ta rufe fuska da mayafi. Ni ban yi kuka ba, hancina ne kawai ya dame ni.

Da za a sallame ni likitan ya ce, "Wanda muka gyara yanzu ya fi duk sauran ƙarfi. Maƙwabtansa ne abin tsoro, na samansa da na ƙasansa, duk gara ta taɓa su. Yi tafiya, yi salla, sha maganin ƙashin da na rubuta. Amma a yanzu kada ka ɗauki abin da ya fi buta nauyi. Buhu kuwa, in ka ɗauka, za mu sake haɗuwa, kuma ban yi maka alkawarin za ka shigo da ƙafarka ba."

Na dawo gida na ba wa gari kunya. An cire ƙyauren zaure an tanada, da majiya ƙarfi huɗu da za su ɗauke ni a kai. Mota ta tsaya, na buɗe ƙofa na sauko na yi sallama. Masu ƙyaure suka rasa inda za su sa shi. A cikin gida kuma dangi sun cika, daga Dandume, daga Musawa, da kaji da ƙwaryar fura. Ƙanwar mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta ja ni gefe.

"Kai, shiga ka kwanta."

"Inna, ai na warke."

"Ka warke a gidan wa? Mutane sun biya kuɗin mota sun zo dubiya, su tarar da kai a tsaye kamar turke? Me za su koma su ce?"

Na shiga na kwanta, aka lulluɓe ni, suka shigo layi-layi suna sannu, ina amsawa da 'yar muryar da ta dace. Yaya Alhaji na zaune a wurinsa na kullum. "Kun gani ko? An kai shi birni, an cinye masa shanu, ga shi nan yadda aka tafi da shi."

Kafin mako ya zagayo garin ya cika da likitocin baya. Mai facin bakin kasuwa ya ce ba a taɓa yin robar da ba ta sacewa ba, in riƙa biyowa duk ranar kasuwa ya gwada min iska, ba zai karɓi ko sisi ba. Na ce masa an zare balan-balan ɗin tun a asibiti. Ya ce haka suke cewa. Birkilan da ya gina masallacinmu ya aiko a gaya min siminti in ba a ba shi ruwa safe da yamma ba, tsagewa yake yi. Na ɗauka wasa ne sai da na ga mai ɗakina tsaye a kaina da buta.

"Malam, juya."

"In juya in yi me?"

"Ko kaɗan ne. Mutumin nan fa shekararsa nawa yana gini."

Na ce ta kai wa akuyarta, ita ta jawo.

Wata safiya na ɗauki sanda na taka zuwa gona a hankali. Tun daga nesa na ji warin. Gefen rafi duk shanu ne, an kafa turaku, an yi bukkoki, kashin shanu ya rufe ƙasa baƙi ƙirin. An yanke dawata an kai min gida, wannan gaskiya ne, amma karan an ba makiyaya, su kuma suka zauna suna biya da taki. Ardon, dattijo ne da na sani, ya gan ni ya ja da baya kamar ya ga fatalwa.

"Kai ne? Alhaji ya ce ko juyi sai an juya ka."

"Yaushe kuka sauka?"

"Ranar da aka tafi da kai, da yamma."

Ko ƙurar motar bai bari ta kwanta ba. An ce ɗan'uwa rabin jiki. Nawa dai rabin gona ya zo nema.

Na same shi a shagonsa yana auna wake. Ya ce shi taimako ya yi, in ba don shi ba wa zai dubi iyalina. Na ce na gode, ga ni na tashi, a kwashe shanu. Ya ce taki ya riga ya zuba, kuma al'ada ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Na ce al'ada ta mai kwanciya ce, ni a tsaye nake. Ya ce, "Tsayuwa daban, noma daban. Mu je gaban mai unguwa."

Bayan la'asar aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, da liman da dattawa da duk wanda ba shi da aikin yi, wato kusan kowa, tunda rani ya shigo. Maganar guda ce: in na warke, ba a da hujjar riƙe min gona, takin ya zama kyauta. In ban warke ba, gonar na hannun Yaya Alhaji damina uku.

Mai unguwa ya ce in cire riga a ga aikin. Na cire. Dattawa suka taso suka kewaye bayana, wani har da goge tabarau. Abin da suka samu ɗigo biyu ne kamar cizon sauro.

"Ina ɗinkin?"

"Ba a yi ɗinki ba."

"To ina aka bi aka shiga?"

Wani tsoho da aka taɓa yi wa aikin ciki ya ɗaga rigarsa ba wanda ya roƙe shi. Tabo tun daga ƙirji har ƙasan cibiya, da 'yan guntaye a gicciye kamar layin dogo. "Wannan shi ne aiki," in ji shi. "Wata biyu ina kwance, sai da aka yi min saukar Alƙur'ani." Kowa ya gyaɗa kai. A garinmu da tsawon tabo ake auna likita, shi ya sa wanda ya fi ɓarna ya fi suna.

Yaya Alhaji ya gyara babbar riga. "Ranka ya daɗe, ni ban ce ƙanena na ƙarya ba. Abu biyu ne. Ko dai ba a yi masa komai ba, allurar kashe zafi aka yi masa, bayan na nan a karye. Ko kuwa da gaske iska aka hura masa. Wanne daga ciki ne manomi?"

Na yi bayani yadda aka yi min, da gwangwanin madara da komai. Na ce ina ruku'u, ina sujada, liman shaida ne. Liman ya ce haka ne, amma ya ga ina dafa bango in zan tashi. Na ce Malam, kai ma kana dafawa. Ya ce ba shi ake shari'a ba.

Mai unguwa mutum ne da ba ya son magana ta kai shi magariba. Ya ce shi bai san siminti ba, bai san balan-balan ba, amma tun kakanni an san yadda ake gane namiji ya warke. A kawo buhu. Aka mirgino buhun masara daga zaurensa aka tsayar a tsakiyar fili. In na ɗaga shi zuwa kafaɗa, ko taku ɗaya ba sai na yi ba, gona tawa ce.

Na san buhun nan kamar yadda na san 'ya'yana. Na je na tsaya a kansa, na durƙusa, na kama kunnuwansa biyu. Hannuna ya tuna komai: a jingina shi da gwiwa, a ja numfashi, a wurga. Kuma na san zan iya. Sau ɗaya dai zan iya. Wani daga baya ya ce, "Ku matsa, kada ya fashe a kanmu," aka yi dariya. Ina riƙe da kunnuwan nan na ji ƙasusuwan bayana ɗaya bayan ɗaya, mai simintin a tsakiya yana zaune daram, na samansa da na ƙasansa suna jira su ga ko ni ma wawa ne kamar sauran. Ba ni da wasu shanun da zan sayar. Na saki buhun na miƙe.

"Yaya Alhaji, bismilla. Kai da za ka noma ta, ɗaga mu gani."

"Ni ban ce an zuba min siminti ba," in ji shi.

Dariyar da aka yi ta fi ta farko, kuma ba da shi aka yi ba. Mai unguwa ya yanke: inda shanu suka kwana, wato gefen rafi, na hannun Yaya Alhaji damina uku. Tudu, tunda ko saniya ba ta ga abin kwana a can ba, nawa ne. Liman ya yi addu'a Allah ya ƙara zumunci, aka shafa.

A gida mai ɗakina ta riga ta ji, don labari a garinmu ya fi mai shi sauri. Ta ajiye min tuwo da ƙarfi har miya ta fantsama.

"An ce ka kama ka saki."

"Na saki."

Ta jawo kwanon miya. "Da ka ɗauka, wallahi da gidanmu zan tafi. Na gaji da kai ka bayan gida." Sai ta ƙara min nama guda.

Damina biyu ke nan ta wuce. A tudu waken suya nake sawa, shi ne ba ya raina ƙasa. Huɗa sai na yi hayar shanun wani, ni in bi baya da iri a aljihu. Bayana yana nan lafiya, ina shan maganina, na koma an sake hoto an ce maƙwabtan ba su motsa ba. Masarar Yaya Alhaji a gefen rafi kuwa, in ka shiga ba a ganin hularka. Duk kaka yakan aiko min da buhu guda daga ciki, a kan baro, ta tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, a ce a kai wa mara lafiya. Ina karɓa. Yara ba su san tuwon fushi ba.

Saura damina guda. Amma an tsegunta min cewa yana shirin sake sauke shanu a wurin bana, don in sabon taki ya zuba, lissafi ya koma farko. Saboda haka tun da aka kwashe amfani na sa aka kai min kujera bakin rafi, ƙarƙashin wata ɗorawa. Nan nake wuni da rediyo da sandata, daga hantsi har shanu su koma makwanci. Saniya ta sha ruwa ta wuce, ba ruwana. Ta ɗaga wutsiya, in tashi.

Ardo ya biyo da garkensa kwanan baya ya same ni a wurin. Ya jingina da sanda ya dube ni.

"Har yaushe za ka zauna nan?"

"Har ruwan shuka ya sauka."

"Zaman ba ya taɓa maka bayan?"

Na ce masa ai zama ne kaɗai aikin da garin nan ya yarda zan iya, to bari in yi shi da kyau. Ya yi dariya, ya kaɗa shanunsa suka bi ta gonar liman.